Rubutun da Na Yi a Kan Faifai

Na daɗe ina aikin kula da sito a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Gishiri, sinadaran jima, safar hannu, takalman roba, kayan gyaran inji, duk wani abin da ake tsoron ya yi ƙafa, a hannuna yake. Bokona kaɗan ne, ina karantawa amma sai na bi a hankali. Ajami kuwa tun a zauren mahaifina, Allah ya jiƙansa, hannuna ya faɗa da shi, don haka kowane buhu da kowace jarka a siton nan da ajami na yi musu suna. Ba wanda ya taɓa damuwa. Leburorinmu, mutanen ƙauyukan Kano da Jigawa da 'yan Nijar, sun fi saurin gane shi a kan boko, idan na aiki mutum ya ɗauko abu ba ya dawowa da wani daban.

A ɗakin ƙarshe, inda fata ke fitowa a gyare, akwai injin awo. Ana shimfiɗa fata a bakinsa, ya ja ta, wata tsohuwar kwamfuta da ke haɗe da shi ta faɗi faɗinta, ta buga a 'yar takarda a manna. Ba a loda fata a mota sai da wannan takardar. Ranar da aka kawo kwamfutar an zo da wani faifai, aka ce shi ake saka mata ya tashe ta idan ta mace, aka ba ni ajiya. Na ɗauki alƙalamin maka na rubuta a bayansa, gefen da ba ya ƙyalli: faifan kwamfutar awo, a riƙe shi ta gefe. Da yake abin zagayayye ne, sai rubutun ya bi ramin tsakiya ya kewaye shi. Na sa shi a kwali na manta.

Manajanmu a lokacin surukin mai kamfanin ne. Ya yi karatu a waje, ya je Makka, muna ce masa Alhaji. Yana da carbin zamani a yatsa, irin mai dannawa, yana dannawa yana zagin direba, ban taɓa sanin wanne ake ƙirga masa ba. Ya sha faɗa a gabana cewa nan gaba kaɗan kayan sito ma kwamfuta za ta riƙa lissafa su. Ni kuwa nakan ce Allah ya kai mu, kuma har zuciyata nake faɗa, don idona ya fara gajiya.

Wata safiya cikin damina aka ɗauke wuta, aka tayar da janareto, komai ya tashi ban da kwamfutar awo. Ga fata jibge, ga babbar mota a bakin ƙofa tana jiran lodi zuwa Legas. Alhaji ya kira wani mai gyara daga Bompai. Saurayi ne ƙosasshe, da jaka a kafaɗa da tabarau a goshi, ya gabatar da kansa da injiniya tun kafin ya amsa sallama. Ya danna nan ya danna can, ya ce babbar manhajar ce ta lalace, sai an sake zuba ta daga faifai. Aka aiko na kawo faifan. Na tsaya a bakin ƙofa don in koma da ajiyata idan an gama.

Ya saka shi. Kwamfuta ta yi gurnani, allonta ya yi shuɗi, wani ɗan layi ya fara tafiya a ƙasa. Ya yi nisa kaɗan sai ya tsaya. Aka jira. Injiniya ya daddanna madannai, ba abin da ya motsa.

"Ta yi hukin," in ji shi, wato ta maƙale.

Ya kashe ya kunna. Layin ya sake tafiya, ya zo daidai inda ya tsaya ɗazu, ya ƙame. Ya buɗe cikinta, ya zaro wasu 'yan sanduna kore, ya hure su, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. Nan dai ta tsaya. Ya cire wayar injin awo, ya cire ta mai buga takarda, ya ce watakila su ke riƙe ta. Ba su ba ne. Daga nan ya shiga raba laifi. Ya ce wutar janareto ba ta da tsabta. Ya ce ɗakin ya cika zafi, aka kawo fanka aka kafa wa kwamfuta kamar amarya. Ya ce warin majema ma yana iya hana sistem aiki. Muka yi azahar muka dawo, yana nan yana kashewa yana kunnawa, gumi ya jiƙa masa baya, Alhaji na tsaye a kansa yana danna carbi da sauri.

Can ya fito da faifan, ya juya shi, ya ƙura masa ido. Na ga fuskarsa ta saki, irin ta wanda ya ga ƙofar fita.

"Wa ya yi wa faifan nan rubutu?"

Na ce, "Ni ne."

Sai da maganar ta fita na ji yadda ya jera ta. Bai ce wa ya yi rubutu a kan faifan ba. Cewa ya yi wa ya yi wa faifan rubutu, kamar yadda ake yi wa mutum rubutu a wanke ya sha, ko a yi masa don a ɗaure shi.

Alhaji ya karɓi faifan da 'yan yatsu biyu. "Malam, me ka rubuta a nan?"

Na gaya masa.

"Haka ka ce."

"Ranku ya daɗe, ga shi a hannunku. Ku karanta."

Ya gwada, ba zan zalunce shi ba. Ya motsa leɓe, ya haɗa baƙi biyu da uku, yana neman ya ji Larabci ya fito. Bai fito ba.

"Wannan ba Larabci ba ne."

"Hausa ce, Alhaji."

"Hausa da waɗannan baƙaƙen?"

Mutumin nan Bakano ne, kakansa bafatake ne, na tabbata duk wasiƙar da kakan ya taɓa aikawa gida da waɗannan baƙaƙen ya rubuta ta. Jikan ya tsallaka teku ya koyo harshen wasu, ya dawo yana kallon nasa a rubuce yana tsoro.

Injiniya ya matso. "Ai haka ɗalasimai suke, Alhaji, ba su karantuwa. Ku duba ma yadda aka kewaya shi, kamar hatimi. Ni dai tunda nake aikin nan ban taɓa ganin sistem ta tsaya a wuri ɗaya haka ba."

Na ce a kira kowane lebura daga wajen gishiri, wanda aka ga dama, ya karanta a gaban kowa. Alhaji ya ce ai duk mutanena ne, idan liman ba ya nan ni nake jan su salla, abin da na ce shi za su ce. Na ce to a jira liman. Liman ya tafi ta'aziyya ƙauyensu. Alhaji ya dube ni, ya ce a hankali, "Kuma kai ne ka fi kowa jin zancen saka sito a kwamfuta."

Ashe har dalili an samo mini. Na ce, "Ni da nake salla biyar, Alhaji, in ɗaure ƙarfe?" Ina cikin magana injiniya ya fito da auduga da kwalbar sipirit, ya goge rubutun tas. Shaidata kenan guda ɗaya, ta koma baƙi a jikin auduga.

Audugar nan ta ba su aiki. Injiniya zai jefa ta a kwandon shara, Alhaji ya hana, ya ce idan da sunan Allah a ciki fa. Aka ce a ajiye a aljihun tebur, ya ce idan kuma mugun abu ne fa. Manya biyu masu takardun makaranta suka tsaya suna shawara a kan ƙullin auduga, mota na jira a waje. Daga ƙarshe aka naɗe ta a takarda, aka sa mai gadi ya binne ta a bayan masallaci. Abin da aka yi wa jana'iza a ranar shi ne: a riƙe shi ta gefe.

Aka mayar da gogaggen faifai. Layi ya tafi, ya zo wurinsa, ya ƙame. Na yi hamdala a zuciyata, na ce magana ta ƙare. Injiniya ko gezau bai yi ba.

"Ya riga ya shiga ciki," in ji shi. "Sai ta kwana."

Alhaji ya sa aka kunna turaren wuta a ɗakin, aka ajiye waya kusa da kwamfuta tana karatun Alƙur'ani. Karatu alheri ne a ko'ina, ban ƙi ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ni ake kora da shi. Kafin a tashi ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullan sito, sai an ga abin da hali ya yi. Na kwance su daga ƙuguna na ba shi. Na hau mota zuwa Dorayi, ban iya gaya wa maiɗakina komai ba, na ce mata kaina ke ciwo.

Washegari da na iso injin awo yana ta jan fata. An ce injiniya ya yi sammako, ya shiga shi kaɗai, ya saka faifai, ta tashi lafiya. Kowa ya ga abin da ya gani: an goge rubutu, an yi turare, an kwana, ta warke. Mutanen da nake ba safar hannu kullum suna gaishe ni suna sunkuyar da kai fiye da yadda suka saba.

Bayan 'yan kwanaki na haɗu da injiniyan a rumfar mai shayi, ya zo karɓar sallamarsa. Ya matsa mini a benci, har da cewa a haɗa wa Baba shayi mai kauri. Ban tambaye shi ba, shi ya fara, yana dariya. Ya ce da ya koma shago da faifan ya gwada shi a tasa kwamfutar, ya tashi sumul. Ashe ɗan akwatin da ke karanta faifai ne ya lalace, iskar sinadaran majema ta cinye masa ido, yana karantawa zuwa wani wuri sai ya kasa. Da safe ya zo da wani a jaka ya musanya.

Na ce, "To ka tashi mu je ka gaya wa Alhaji."

"Haba Baba. In ce masa na yini guda ina hure-hure, abin da ya kamata in fara dubawa ban duba ba? Wa zai sake kirana a Challawa?"

"Ni kuma wa zai sake bina salla?"

"Ai ni ban ce kai ne ba. Tambaya na yi, kai ka amsa." Ya kurɓi shayinsa. "Ka yi haƙuri, zai wuce. Amma gaskiya ku ma ku riƙa rubutu da abin da mutane ke ganewa."

Na bar masa shayin da ya saya mini, na wuce ofis. Na zayyana wa Alhaji duk abin da na ji. Ya saurara yana kallon wayarsa. Ya ce mai yiwuwa ne, Allah ne masani, shi bai zargi kowa ba. Amma dai abin da ya gani da idonsa shi ne an goge ta tashi. Kuma magana ta riga ta zagaya, har mai kamfani ya ji, ba zai yi kyau a ce kayan inji suna hannuna ba. Na ce a buɗe kwamfutar a ga sabon akwatin. Ya ce kwamfutar da aka samu ta tashi da ƙyar ba mai sake taɓa ta. Ya mayar da ni filin karɓar ɗanyar fata, wurin ƙuda da gishiri, ya ce ba ragi ba ne, canjin wuri ne kawai. Wanda aka ba siton ya bi buhuna da jarkoki ya shafe sunayen da fenti.

A filin nan ne wata rana wani ma'aikacin ɗakin rini, magidanci mai furfura a gemu, ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya waiga hagu da dama.

"Malam, na'urar nan ta bakin ƙofa da muke dangwala yatsa da safe. Daga nesa nake zuwa, kullum sai ta rubuta na makara. Ko za a ɗan taimaka a yi mata irin na kwamfutar awo? Ba sai ta mutu ba. Ta dai riƙa tsayawa."

Na ce masa ya ji tsoron Allah. Na ce sunan faifai na rubuta, Hausa ce irin wadda muke yi yanzu da shi, na ɗauki tsinke na zana masa a ƙasa ya gani. Ya karanta tsaf, ba gargada, ya gyaɗa kai. Sannan ya sa tafin hannu ya share ƙasar da sauri kada wani ya gani.

"Na gane, Malam. Ba a nan ake maganar ba. Zan same ku a gida."

Ya kuwa zo, ranar Juma'a bayan la'asar, da zakara a hammata. Daga soro na mayar da shi. A ƙarshen watan na ajiye aikin.