Saƙon Inna

Ana saura mako biyu jarrabawar ƙarshe wani ɗan unguwarmu ya dawo daga hutu, ya iske ni a gidanmu na haya a Hayyin Ashir da saƙon Inna a jakarsa. Haka muke yi mu ɗalibai a Alƙahira, duk mai dawowa daga gida shi ke ɗauko wa kowa kayansa. Na san Inna tana kwance. Duk sanda na kira, yayana ne ke ɗauka ya ce tana barci.

"Yaya jikin nata?" na tambaye shi tun bai ajiye jaka ba.

"Tamam, da sauƙi. Ta ce ka dage da karatu."

Dambun nama ne da yaji da kuka. Na juye dambun a faranti na kira abokan zamana uku, don saƙon gida ba a cin sa a ɓoye. Talabijin na kunne, ana nuna wani jirgin dakon kaya na Rasha da aka harba sama babu kowa a cikinsa, zai kai wa mazauna tashar sararin samaniya abinci da ruwa. Muka zuba ido yana matsawa a hankali har ya manne da tashar. Ni da bakina na ce ai mu ma irinsu ne, a rataye nesa da gida muna jiran kaya, sai dai namu jirgin da direba, ga shi nan zai cinye rabin lodin. Ni kaɗai na yi dariya. Su huɗun suka sunkuyar da kai suna tsakurar dambun kamar magani. Yanzu in na tuna, mutanen tashar nan nake wa hassada, domin jirginsu ba shi da bakin da zai ce musu da sauƙi.

Ranar da na rubuta takardar ƙarshe a Darrasa, unguwar da jami'armu take, abokan zamana suka zaunar da ni. Inna ta rasu kwana biyu kafin ɗan unguwar tamu ya taso. Dambun ma ƙanwarta ce ta yi. Yayana ne ya roƙe su su yi shiru har in gama, kada wahalar shekara huɗu ta tashi a banza.

"Ma'alish, yi haƙuri," in ji babbanmu a gidan, "alheri aka nufa."

Na sani. Na kuma ci jarrabawar, amma har yau haushin bai sake ni ba. Mako biyu cur ina roƙa wa Inna lafiya a kowace sujada, su kuma a sahu ɗaya da ni, kafaɗa da kafaɗa, suna roƙa mata gafara.