Ranar da Mai Famfo Ya Sauya Sheƙa

Yana cikin murɗa eriyar rediyo zuwa taga, harshe a gefen baki, kunne manne da akwatin, sai matarsa ta dire masa kofin shayi ta juya ba ta ce uffan ba. Kwana da kwanaki ke nan tana yi masa haka, kuma shirun ya fi masa faɗa ciwo.

Baba Birki ake ce masa. A bayan sitiyarin bas ya tsufa, yana kwaso mutane daga unguwa yana zube su a bakin kasuwa, kuma duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya san yadda yake tsayawa: sai goshi ya gaisa da kujerar gaba. Da idanu suka gaji ya ajiye makulli, amma baki bai yi ritaya ba. Shirin safe na rediyo, inda masu sauraro ke bugo waya, shi ya zama sabuwar motarsa.

Hukuncinsa ba shi da wuya. In ɗan jam'iyyarsa aka kama da dukiyar jama'a, to zargi ne, bita da ƙulli ne, a bar kotu ta yi aikinta. In na ɗaya ɓangaren ne, ɓarawo ne tun yana goye, kai shi kotu ma ɓata mai ne. Ba yaudara yake yi ba. Har zuciyarsa haka yake gani, yadda direba ke ganin kowane karo laifin motar gaba ne.

Sai ga maganar shugaban hukumar ruwa, wanda gari ya raɗa wa Mai Famfo. An ce ya binne bututu a unguwanni, aka tona ba a ga ko ƙusa ba. Famfon gidan Baba kansa ya daɗe yana fito kamar usur maimakon ya kawo ruwa. Amma mutumin na jam'iyyarsa ne.

Ƙanin matarsa, mai shagon magani, wanda ita ta goya shi a bayanta, ɗan ɗaya ɓangaren ne. Ya zo cin abinci kamar kullum, ya ce, "Yaya, naku ya shanye ruwan gari har da bututun."

"Sharri ne!" in ji Baba. "Ka gani da idonka?"

Magana ta hau magana, har Baba ya nuna masa ƙofa da cokali. Tun ranar ƙanin bai sake takowa ba, ita kuma ta rufe baki.

Eriya ta kama tasha daidai ana karanta labarai. Mai Famfo, in ji mai karatu, ya sauya sheƙa, ya koma jam'iyyar su mai shagon magani, an karɓe shi da tafi.

Baba bai ko kurɓi shayin ba ya danna waya.

"Baba Birki, barka da asuba," in ji mai gabatarwa. "Me za ka ce?"

"Ɗana, ni dama tun farko fuskar mutumin nan ba ta kwanta mini ba. Ɓarawo ne! Famfona sai fito yake kamar ɗan kwandasta. A kama shi yau!"

Ya ajiye waya yana huci. Ba a jima ba wata murya ta fito daga akwatin, murya da gidan ya sani sarai.

"Ni mai shagon magani ne. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Zargi fa ba hukunci ba ne. A bar kotu ta yi aikinta."

Daga kicin aka ji murfin tukunya ya faɗi. Matarsa ta fito riƙe da ciki, dariya na neman kayar da ita, hawaye na bin kumatu.

"Baban yara, kai da shi musayar riga kuka yi? Ka sa tasa, ya sa taka!"

Baba ya buɗe baki zai kare kansa, sai ya fasa. Muryarta ce ta dawo ɗakin, kamar ruwa a famfon da aka cire rai da shi, ba ya son ya kore ta.

"Dariya kike yi mini, tsohuwa?"

"Ku biyu nake yi wa. Ka kori ƙanina saboda mutumin da yau kake cewa a kama."

Ya shafa gemu. Can ya laluba takalminsa da ƙafa a ƙarƙashin kujera.

"Zan je shagon in gaya masa abin da ya faɗa ranar nan gaskiya ne."

"Shi kuma yanzu abin da ka faɗa ranar yake faɗa."

"To ai shi ke nan. Kowa ya yarda da ɗan'uwansa, rana ce kawai ba ta zo ɗaya ba. Ki ƙara hannu a girki, tare za mu dawo."

"In kuka sake yi mini ihu a kan tabarma fa?"

"Ihu kam za a yi," in ji Baba Birki, "amma ba mai nuna wa wani ƙofa."

Ya gyara zaman hularsa, ya ɗaga labule ya fita.