Ranar da Aka Yi wa Garba Shaidar Sakaci

Har yau ban manta da ranar da aka kawo Garba direba kotu ba. Lokacin ina tafinta a Lome, aikina in juya Faransanci zuwa Hausa ga mutanenmu Hausawa na unguwar Zongo, in mayar wa alƙali amsarsu.

Garba ya ja babbar motarsa da baya a tasha, birki ya ƙi, ya danne abokinsa Isa mai nama a jikin katanga. Isa bai kai asibiti ba.

Ku da kuka shigo aikin tafinta kwanan nan, ku riƙe wannan. Doka ta raba kisa biyu. Wanda ya yi niyya, kisan kai ne, ana iya tsufa a kurkuku. Wanda sakacinsa ya jawo mutuwa, hukuncinsa ya fi sauƙi nesa.

Wata mai koko ta ba da shaida cewa da safiyar ranar ta ji Garba ya ce wa Isa, "Sai na kashe ka." Na fassara yadda ta faɗa. Mai gabatar da ƙara ya gyara zama. Sai na nemi izini, na ce, "Ranka ya daɗe, a Zongo uwa ma tana gaya wa ɗanta haka in ya zubar da miya. Garba da Isa musun ƙwallo suke yi." Alƙali ya ce aikina fassara ne, ba sharhi ba. Amma na ga ya rubuta.

Sai lauyan Garba ya kira bakaniken da ke gyara masa mota. Bakaniken ya ce wata uku yana roƙon Garba ya canja birki, shi kuwa sai ya ɗaure da waya. "Ban taɓa ganin malalaci irinsa ba." Matar Garba ta zo ta ƙara da cewa ko ƙwan lantarki ya mutu a gida, sai ya shekara bai canja ba. Ina fassara zagin, Garba yana gyaɗa kai kamar ana masa kirari.

Aka kama shi da laifin sakaci. Ya rungume bakaniken yana godiya.

A waje, yayan Isa ya tare ni ya ce in yi masa bayani. Na yi. Ya ce, "To, Malam, shi Isa ya san da wannan bambancin?"

Ranar na gane kotu zuciyar mai rai take aunawa, kuma sau da yawa da bakin tafinta take auna ta.