Ranar Da Na Zama Manomi

Fiye da shekara talatin na yi ina aikin gandun daji a Birnin Gwari, kuma a iya sanina ban taɓa yin ƙarya ba. Na faɗi wannan ne domin a san irin mutumin da ya shiga mota ran nan.

Abin ya zo ne bi da bi. Da farko 'yata ta haihu a Kaduna. Sannan aka sa ranar suna. Sannan aka zo maganar hanya. A lokacin kowa ya san ƙa'ida: mai ratsa daji ba ya tafiya da kamannin ma'aikaci, domin idan 'yan bindiga suka tare mota, tufafi suke dubawa su ware wanda za su tafi da shi. Matata ta karɓe katin shaidata da agogona da biron aljihuna, ta miƙo mini wata tsohuwar riga mai faci.

"Malam, in an tambaye ka, me kake yi?"

"Tsohon ma'aikacin..."

"Manomi! Daga Kuyello. Maimaita."

Na ce ba zan maimaita ba. Na yi mata bayani cewa gaskiya a cikin mutum take kamar ƙashi, riga ba ta canza ta. Ta ce to, in sa rigar dai, ƙashin ya biyo baya.

A tasha na yi wa direba faɗa kan yawan lodi, na kuma yi wa wata mata mai sayar da doya faɗa don ta tsallake layin shiga motar. Ta dube ni, ta dubi rigar, ta shige mota.

Mun kai tsakiyar daji sai ga itace a gicciye a hanya, ga mutane da bindigogi, babu kaki. Ɗayansu ya leƙo ta taga.

"Baba, daga ina? Mene ne sana'arka?"

Sai na ji wata murya ta ce, "Manomi ne ni, daga Kuyello. Masara da dawa." Har ta ƙara da cewa bana ruwa ya ɗauke mana da wuri. Muryata ce. Na daɗe ina tsammanin in irin wannan rana ta zo za a yi kokawa a zuciyata. Ko musu ba a yi ba.

Ashe 'yan sa-kai ne masu gadin hanya. Kuma mai tambayar ɗan Kuyello ne.

"Wace unguwa? Gidan wa?"

Na dubi direba, direba ya dubi gabansa.

"Kawo hannunka." Ya shafa tafina. "Wannan hannun ko cokali sai an taya shi ɗauka. Sauko."

A wannan hanya, wanda ya yi ƙaryar garinsu ana ɗaukarsa mai kai wa 'yan daji rahoto ne. Na san inda ake kai irinsu, na kuma san ba duka ke dawowa ba.

Nan na koma faɗin gaskiya a jere: sunana, aikina, unguwarmu, lokacin da na yi ritaya. Ya ce ina kati? Katin yana gida cikin kwanon matata.

"To Baba, wanne zan ɗauka, na ɗazu ko na yanzu? Na ɗazun ma ya fi tafiya sumul."

Sai mai doyar nan ta sauko tana gyara zani.

"Haba ɗana, sake shi. Wan mijina ne. Tun da ya yi zazzaɓi kansa ya taɓu. Jiya ma cewa ya yi shi soja ne. Asibiti zan kai shi."

Ya juyo gare ni. "Baba, haka ne?"

Na dubi dajin. Na ce haka ne. Har na ƙame na sara masa.

Suka fashe da dariya, suka mai da ni mota. Har muka isa Kaduna tana ce mini, "Yaya, zauna daidai, kar ka tsallake layi," fasinjoji suna ta yi mini sannu.

Na yi tunanin abin da kyau, ga abin da na samu. Cikin ƙasa da awa guda na zama mutum uku: manomi, ma'aikaci, mahaukaci. Na tsakiyan ne na gaskiya, kuma shi kaɗai ne ba wanda ya yarda da shi. Abin da na daɗe ina kira halina, wataƙila dai ba a taɓa tambayata da bindiga a hannu ba ne. Na yi istigfari, amma ban iya cewa na yi nadama ba, don kar in ƙara wata ƙaryar a kai.

Da na dawo gida matata ta tambaye ni yaya hanya. Na ce lafiya lau, ba abin da ya faru. Wannan karon babu bindiga a kaina.