Zazzaɓin da Muka Ce Na Sauro Ne

A garinmu, tsakanin Kura da Bunkure, ba a ɗauki zazzaɓi a bakin komai ba. Ruwa kwance a gonakin shinkafa rani da damina, sauro kamar mu muke kiwonsa. Jikinka ya yi zafi, ka aika kemis, jibi ka koma gona.

Shekarar da aka gano ciwon daji a wuyan Babanmu, ni nake raka shi asibiti a Kano, ana ɗaura masa maganin cikin ƙarin ruwa duk bayan sati uku. Wallahi maganin yana aiki. Kumburin ya saɓe, har ya soma haɗiye tuwo. Amma likitar ta ja ni gefe ta ce maganin ba ya zaɓe, yana cin ciwon yana cin garkuwar jiki. In jikinsa ya yi zafi, kada a ba shi komai, kada a kwana, a kawo shi.

Kwana tara bayan ɗauri na uku, da hantsi, na taɓa goshinsa na ji zafi rau. Ina haɗa kaya sai ga Baffa, yayan Baba, daga gona, ƙafa duk taɓo. Ya ce wane irin zuwa Kano ana tsakiyar dashe, wannan ai sauro ne, shi ma shekaranjiya ya tashi daga nasa. Sau biyu ina maimaita masa maganar likita.

"Ke, kin fi ni son sa ne? Nono ɗaya muka sha."

Baba ma ya ce in bari, ya gaji da jijjigar mota. Ni da ko a kasuwa ba a taka ni in yi shiru, sai na sunkuyar da kai. Aka kawo ƙwayoyi daga kemis, zafin ya sauka, Baffa ya dube ni yana murmushi. Har kunya na ji, kaico.

Washegari Baba bai gane ni ba. A mota sai karkarwa yake, ina riƙe da kansa. Likitar ta duba shi, ta ƙwala wa ma'aikata kira, sannan ta juyo. Baffa na tsaye a gefena, amma ni ta kalla.

"Yaushe zafin ya fara?"

"Jiya da hantsi."

Ta juya ta koma kan Baba. Kwana biyu ya yi a gadon, ya cika.

Baffa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda. Har yau ina durƙusawa in gaishe shi. Haushin da nake ji ba nasa ba ne.