Ƙasar Ɗakin Mma

Har yau idan na bi ta tsohon lungunmu na Maamobi, a nan birnin Ankara, na ga kangon nan na bulo, sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin.

A wurin ɗakin Mma yake. Ba ita ta haife ni ba, maƙwabciyarmu ce mai sayar da koko da ƙosai, amma duk lungun Mma muke ce mata. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo ya tafi Jamus. Wata damina, ina 'yar shekara ashirin da wani abu, aka kwana uku ana ruwa, ɗakinta na ƙasa ya zauna, ya rushe. Liman ya faɗa a masallaci cewa ran Lahadi akwai gayya, wato kowa ya fito da hannunsa. Ba lada sai na Allah, sai kuma tuwo.

Babana magini ne, shi ya ja aikin. Abin da ya fara faɗa shi ne kada a zubar da ko dunƙule ɗaya na rusasshen ɗakin, don tsohuwar ƙasa ta riga ta saba da gini, ta fi sabuwa kamawa. Aka farfasa ta, aka haƙo jar ƙasa a wani fili bayan lungu aka ƙara. Masu kiwon raguna suka kawo busasshiyar ciyawa aka daddatse ta zama ramno, mu mata muna ta jigilar ruwa daga famfo. Zabarmawa da Mosi da Kotokoli suka naɗe wanduna suna tattakawa, ana tsokanar wani malamin makaranta wai yana taka ƙasa kamar mai tsoron ta cije shi. Aka bar kwaɓin ya kwana bakwai ya ruɓa, sannan aka ɗora gini. Wani kafinta Bagaa, ɗan ƙabilar asalin garin, da ba ya ko sallarmu, shi ya buga kwano.

Shekara goma ɗakin nan ya yi bai ko tsage ba. Da zafin rana can muke fakewa, don sanyinsa kamar cikin randa.

Sai ɗan ya dawo. Ya zama boga, kamar yadda ake ce wa masu dawowa daga Jamus, da sarƙa a wuya da wando har ƙirji. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya toshe hanci, ya jefo kalmar da 'yan Ankara ke wulaƙanta ginin ƙasa da ita.

"Mma, atakwame? Uwan boga cikin atakwame? Kai, abin kunya ne kwaraa, babba kuwa."

Mma ta ce, "Ɗana, ɗakin bai mini komai ba."

Ko sauraronta bai yi ba. Babana ya same shi ya ce, "Yaro, in dai sai ka rushe, to ka tara ƙasar a gefe. Wata rana za a neme ta."

Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan datti ne. Mun wuce nan."

Datti. Ƙasar da mutum arba'in suka taka da ƙafafunsu. Ni da ke tsaye a wurin na ji kamar in kwaɗa masa bokitin da ke hannuna, har yau kuma ina ganin da na yi da ban yi laifi ba. Haka ya sa aka rushe ɗakin. Lungunmu mota ba ta shiga, amma don tsabar son a gani sai da ya sa 'yan dako suka kwashe ta kaf zuwa bakin titi, tifa ta tafi da ita. Ya zuba bulo har ya kai taga, ya ce zai koma wata biyu ya dawo ya rufa. Wasiƙa biyu muka gani, daga nan shiru.

Mma ta dawo ɗakinmu, tabarmarta kusa da tawa. Da damina ta matso sai ta je wajen babana ta ce, "Malam, a kira mini gayya. Ko ƙarami ne, in dai nawa ne."

Aka kira, aka kuwa fito, har an fi na farko yawa. Masu raguna sun kawo ciyawa, mun cika ganguna da ruwa. Sai dai ina ƙasa? Filin da aka haƙa a da ya zama gidaje, bakin kwata kuma shara ce da leda. Sayo ƙasa a mota daga bayan gari ya fi ƙarfinmu a shekarun nan, siminti kuwa ba a ma maganarsa. Maza suka tsaya riƙe da shebur suna kallon babana, shi kuma yana kallon inda ya ce a tara ta.

Mma ta riga ta tuƙa tuwo tun safe. Ta fito da shi ta ce, "Ku ci, tunda an dafa." Ban taɓa ganin an ci tuwon gayya shiru ba sai ranar.

Damina huɗu ta ƙara yi a ɗakinmu. Kullum da safe takan ɗauki tsintsiya ta share cikin kangon tas, ta dawo ta ɗora koko. Daga ɗakinmu aka ɗauki gawarta.