Farawla a Gwangwanin Madara

'Yata ce ta shigo da kwalin farawla, wato strawberry, daga kantin unguwa, manya-manya, jajaye kamar an shafa musu fenti. Na kai ɗaya hanci, ban ji komai ba. Wadda na sani ina yarinya ba ta fi kan ɗan yatsa ba, amma ƙamshinta yakan riga ka hawa bene.

Kakana, mahaifin Inna, ya yi shekaru yana aikin lambu a duwatsun Ɗa'if. Da kafilinsa, Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya sayar da gonar, sai ya sauko mana unguwar Sa'alaba a Jidda da tarin da maganin feshi ya bar masa a ƙirji, da wasu 'yan tsirrai a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya ce farawlar daji ce, a gefen rijiya ya same ta tana fitowa da kanta. Ya dasa su a gwangwanayen madara, ya jera a kan rufin gidanmu.

Duk wanda ya san Jidda ya san wannan aikin wahala ne. Ruwan famfonmu da gishiri, don haka sai ya tara kwano a ƙarƙashin mukayyif ɗin maƙwabta, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana tattara abin da ke ɗiga. Da safe ya kai gwangwanayen gabas, rana na ɗagawa ya kwashe su zuwa inuwar tanki, yana tafiya yana tari. Kakata, wadda ke sayar da gyaɗa a kasuwar Balad, takan yi masa dariya. “Malam, ka rasa abin reno sai ciyawa? Sai na tauna zan yarda.”

Shekara biyu suna ƙonewa da bazara, yana ceto saiwa ɗaya ko biyu. A sanyi na uku suka yi farin fure, suka ɗaura 'ya'ya uku. A makon ne aka kama kakata a bakin kasuwa, iƙamarta, takardar izinin zama, ta daɗe da mutuwa. Aka kai ta inda ake tsare waɗanda za a mayar gida.

Gidan ya yi tsit. Kaka ya daina cin abinci sosai, amma bai daina hawa rufi ba. Na ji shi yana gaya wa Inna cewa ɗaya ta fara ja, ranar Alhamis zai kai wa tsohuwar idan an bar shi ya gan ta.

Shekarata takwas. Ranar Laraba da hantsi na hau shanya, na ga farawlar ja-wur a ƙarƙashin ganye. Na san ta wace ce. Na tsinka, na jefa a baki.

Ban gama haɗiyewa ba na ji tarinsa a bayana. Ya dubi gwangwanin, ya dube ni.

“Amarya,” haka yake kirana, “da daɗi?”

Na ce, “Da tsami.”

Ya gyaɗa kai. “To, halas. Je ki wanke bakinki.”

Da Inna ta tambaya, cewa ya yi tsuntsu ne. Ranar Alhamis ya tafi hannu wofi, sauran biyun kuwa har lokacin farare ne. Kafin su nuna an sa kakata a jirgi. Ta rasu a Damagaram bayan wata bakwai. Shi kuma bai ƙara ɗaga gwangwani ba, bazara ta cinye su a inda suke, kuma bai ga wani sanyin ba. Bai taɓa yi mini maganar ba, ko da wasa.

Yanzu an share unguwarmu. Nakan wuce ta wajen a mota, fili ne fetal, ba zan iya nuna wa 'ya'yana inda ƙofarmu take ba. Su ma Hausar sai dai su ji, su ba ni amsa da Larabci. Inna tana wurina a unguwar Ruwais, ta tsufa, tunaninta yana zuwa yana tafiya. Shekara talatin ina neman bakin gaya mata. Ran nan ina taje mata kai na daure na ce, “Inna, ba tsuntsu ba ne. Ni ce.”

Ta waiwayo, ta dube ni da murmushi, ta ce, “Baiwar Allah, ke 'yar gidan wa ce?”